Kofin Moroko da samarin da suka cika gidajen kallo

Tunda kowa na tofa albarkacin bakinsa a kan Super Eagles bari nima in faɗi nawa. Ni dai ina cikin masu ganin yaran nan za su iya kai wa nesa a gasar Afirka ta 2025 a Moroko, wadda nake wannan rubutu kafin a fara ta. Rukuninmu ba mai tayar da hankali ba ne, Tunisiya ce kawai za ta ba mu ciwon kai, Uganda da Tanzaniya kam in aka buga yadda ya kamata ba su isa su tare mana hanya ba. Gaba muna da Osimhen da Lookman, Osimhen gwarzon Afirka na 2023 Lookman na 2024, ƙasa nawa ce ke da irin haka? Matsalar ita ce duk ranar da Osimhen baya cikin fili sai kaga an zare wa kowa laka, mun gani a Rabat da Kongo a wasan neman gurbin kofin duniya, yana fita bayan hutun rabin lokaci wasa ya mutu har suka koro mu a bugun fenareti, karo na biyu kenan a jere babu mu a kofin duniya. Ga kuma 'yan wasa da suka ƙi fita atisaye kafin wasan Gabon saboda kuɗinsu da suke bi. Rabonmu da kofin nan tun 2013 zamanin marigayi Keshi, saboda haka ina fata, amma ba zan rantse ba.

Abin da ya fi damuna ba a Moroko yake ba, yana nan unguwanninmu. Ku leƙa gidan kallo ranar Talata ko Laraba da rana tsaka, lokacin da ya kamata a ce kowa na wurin nema, zaku tarar da benci cike da majiya ƙarfi, wani da digiri wani da NCE wani ya gama bautar ƙasa tuntuni, ana maimaita wasan jiya ana musu kamar za a daku. Masu cewa lalaci ne wallahi ba su yi musu adalci ba. Ina aikin yake da suka ƙi yi? Iyayen waɗannan yaran a masaƙun Kakuri da ke Kaduna suka yi ƙuruciyarsu, KTL da UNTL da Arewa Textiles, ana tashi daga aiki titi baya biyuwa saboda mutane. A Kano kuma masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Yau ka zagaya ka ƙirga nawa ne ke hayaƙi, rashin wuta da atamfar waje sun gama da yawancinsu tun kafin a zo karayar tattalin arziki ta 2016 da ta 2020, sannan aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ɗan mai shago da ɗan adaidaita suma suka shiga layi. Noman da ake cewa a koma, a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato sai ka biya ɗan bindiga kafin ka shiga gonarka.

Kuma a takarda wai matsalar ta ragu. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ce marasa aiki sun kai kashi 33, da aka canza tsarin lissafi a 2023 sai ga shi ya dawo kashi 4 da ɗoriya, domin yanzu in ka yi aikin awa ɗaya a sati an saka ka cikin masu aiki. Awa ɗaya fa! Wanne magidanci ne zai ciyar da gida da haka?

Ku tuna gasar Afirka ta Kodebuwa a farkon 2024. Muna ta ihun mai tsaron gidanmu Nwabali ya kaɗe fenaretin Afirka ta Kudu, a kwanakin nan ne mata suka tare hanya a Minna saboda tsadar abinci, masu gurasa a Kano suka fito kan kuɗin fulawa. Muka sha kashi 2-1 a wasan ƙarshe, aka ba 'yan wasa lambar girma da fili da gida a Abuja. Ban ce kar a ba su ba, guminsu ne, amma saurin da aka yi wajen wannan kyauta shi nake so in gani a kan wutar Sharaɗa.

Sai kuma cacar ƙwallo, wadda ita ce ta fi ƙona min rai. Yaro ba shi da ko sisi amma zai ranto dubu ɗaya ya zuba a waya yana jiran ta zama dubu ɗari, in ta faɗi ya sayar da wayar. Da yana da inda zai je da safe da bai kai nan ba.

Ita kanta ƙwallon sana'a ce da muka bari tana lalacewa. Ahmed Musa daga Kano Pillars ya tashi har ya zura huɗu a kofin duniya, irinsa nawa ne ke buga ƙwallo ba takalmi a Gashua da Gusau da Azare babu mai zuwa dubawa? A gyara filayen ƙananan hukumomi, a dawo da gasar makarantu, a riƙa biyan 'yan wasan kulob na jiha albashi a kan lokaci, mai ɗinkin jesi da mai tsire da direban bas duk za su samu. Zan kalli wasan Tanzaniya in sha Allah kuma zan yi ihu, amma gwamnan da zai saka majigi a bakin titi ya fara faɗa mana masana'anta nawa ya buɗe bana.