Gwajin minti biyar a bayan hannu ba gwaji ba ne

Duk mai leƙa TikTok da WhatsApp kwanan nan ya ga yadda tallan man kashe zafi ya cika ko'ina. Masu zanen gira na dindindin suna shafa wa mata shi kafin su fara tsaga, masu sayar da "maganin maza" kuma suna cusa wa samari nasa feshin da sunan jinkirta kawowa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tabbacin da suke bayarwa: "Hajiya, ɗiga a bayan hannunki, ki jira minti biyar. In ba ki ji ƙaiƙayi ba, ya karɓe ki."

Wannan magana yaudara ce, ko da mai faɗarta bai san yana yaudara ba. Rashin jituwar jiki da irin waɗannan magunguna iri biyu ne. Akwai na take-yanke, wato borin jini da sarƙewar numfashi, kuma a gaskiya ba kasafai ake ganinsa ba. Akwai kuma mai jinkiri, wanda sai garkuwar jiki ta tattaro rundunarta tukuna, ya ɗauki awa 24 zuwa 72 kafin ya fito. Mace ta koma gida tana murna, sai a rana ta biyu gira ta yi ja, ta kumbura, ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso. Mai shagon kuwa amsarta a shirye take: ai ruwa ya taɓa wurin, ko kuma kambun baka ne. Kuma sau da yawa shafawar farko ba ta nuna komai, jiki dai yana haddace sinadarin ne, sai wani karo ya yi tawaye. To minti biyar ɗin me ya gwada?

Likitan fata in zai yi gwajin gaske, manna sinadarin yake a gadon baya, ya bar shi awa 48, ya cire ya duba, ya sake dubawa a rana ta uku ko ta huɗu.

Abin da ya sa batun ya fi shafar mu shi ne baƙin lalle. Dayis ɗin da ake haɗawa da shi yana ɗauke da sinadarin PPD, kuma ba baƙon abu ba ne a ga amarya bayan biki furen da aka zana mata ya tashi bororo, layi bisa layi, kamar an bi shi da wuta. Wadda jikinta ya taɓa yin haka tana iya yin irinsa da sinadaran kashe zafi na benzocaine da procaine, domin ƙirarsu ta yi kama da ta PPD. Benzocaine kuwa yana cikin wasu magungunan basir na shafawa, da wasu alewoyin ciwon maƙogwaro, har da wasu kwaroron roba. Lidocaine, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943 kuma shi ne aka fi yi wa mutane a wajen cire haƙori da ɗinki, daga wani gida daban yake, don haka galibi ba ya shiga wannan rigima, ko da yake shi ma akwai 'yan tsirarun da ba ya karɓa. Wace mai shagon kwalliya ce ta san wanne ke cikin robar da ta saro, alhali wani lokacin ko rubutun jikinta ba a iya karantawa?

Masu cewa abin bai taka kara ya karya ba tunda ƙaiƙayi ba ya kisa, su je su faɗa wa wadda tabo ya zauna mata a fuska.

Ya kamata NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta waiwayi waɗannan robobi marasa lamba da ake aikowa ta tashar mota. Asibitocin haƙori da masu kemis kuma su ƙara tambaya ɗaya cikin waɗanda suka saba yi: "Baƙin lalle ko rinin gashi ya taɓa ƙona ki?" Mai shagon da ta nace sai ta yi gwaji, ta sallami mai zuwa ta dawo jibi ko gata, in har za ta iya haƙura da kuɗin yau.