Shinkafa mai hoton Honarabul

Duk sanda annoba ta shigo gari, tambayar farko da muke yi ita ce: Honarabul ya raba me? Ni dai na daina yin wannan tambayar tun azumin 2020.

Wanda yake Kano a watan Afrilun shekarar ya san abin da nake nufi. Ranar 11 ga wata aka tabbatar da mutum na farko mai korona a jihar, kafin wata ya ƙare masu haƙa kabari sun fara kokawa da yawan gawa. Dattawa suna ta tafiya, wurin gwaji ya tsaya cak na kwanaki, asibitocin kuɗi da dama sun rufe ƙofa, mai hawan jini da mai ciwon suga sun rasa inda za su. Ranar 27 Buhari ya ba da umarnin kulle. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce mutum 979 suka rasu a wannan tsakanin, kuma rabi ko fiye na da alaƙa da cutar.

A unguwarmu mota ce ta zo da ledoji: mudu biyu na shinkafa, taliya, ga hoton mai gida yana murmushi a jikin leda. Aka yi cincirindo kafaɗa da kafaɗa, ba mai takunkumi, a lokacin da ake ta roƙon a ba da tazara. Ban raina ba, wallahi, gidaje da yawa da ita suka yi buɗe-baki. Amma ai kowane attajirin Kantin Kwari zai iya wannan, wasu ma sun yi fiye da haka ba tare da hoto ba.

Abin da attajiri ba zai iya ba shi ne ya miƙe a zauren majalisa ya sa a kira kwamishina ko minista, a tambaye shi me ya tsayar da gwaji, ina kayan kariyar ma'aikatan jinya, ina kuɗin da aka ware. Wannan kujerar muka ba Honarabul. Kuma aikin tun kafin cuta ta zo yake farawa. Da dokar killace masu cuta ta 1926, ta zamanin Turawa, aka kulle mu a 2020. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 kuɗin ya fara bayyana. A Abuja ƙasashen Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya a 2001, har yau ba mu kai ba a kasafin tarayya. Su wa ke amincewa da kasafi kowace shekara?

Sai maganar baki. Lokacin da yara ke rera “babu korona” a titi, mutumin da ya san kowane mai unguwa da limami a mazaɓarsa, mai sojojin baka a gidajen rediyo, shi ya fi kowa damar cewa jama'a gaskiya ce, a kiyaye. Yawancinsu sun yi gum, kada a ɓata da masu ƙuri'a. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, cutar da ke da rigakafi kyauta, Kano ce ta fi ko'ina jin jiki, kuma akasari yaran da ba a yi wa allura ba ne. Injin kamfen da ke shiga lungu-lungu neman ƙuri'a zai iya shiga neman waɗannan yaran.

Mu ma da namu laifin. Je ka ƙofar gidan ɗan majalisa da safe ka ga layi: wannan da takardar magani, wancan da katin biki, wani haihuwa aka yi masa. Na taɓa tsayawa a layin nan da takardar asibitin wani maƙwabcinmu. Muka samu dubu goma muka yi ta godiya, muka wuce ta gaban ƙaramin asibitin unguwa, wanda ko ruwan ƙari babu a cikinsa, ban ko tuna in ɗaga masa maganar ba.