Wutar Bonfire a Ingila da Wutar Jin Ɗumi a Gida

Bonfire shi ne sunan da mutanen Ingila suke kiran babbar wutar da aka hura a fili da gangan, ko ta biki ce ko ta ƙona ganye da rassa a bayan gida. Amma idan Nuwamba ta kama, duk wanda ya ambaci sunan, daren 5 ga wata yake nufi. A ranar ce, a 1605, aka kama Guy Fawkes a ƙarƙashin majalisar dokoki a Landan da gangunan albarushi 36, waɗanda shi da abokansa 'yan Katolika suka tanada don hallaka Sarki James na Ɗaya. An wajabta yin godiya ga Allah saboda tsirar sarkin a ranar kowace shekara har zuwa 1859 da aka soke dokar, amma wutar ba ta mutu ba, domin a garin Lewes da ke kudancin Ingila har yau ana zagaya tituna da wuta a hannu ana ƙona mutum-mutumi.

Asalin bikin bai burge ni ba, tunda gabar addini ce ta haife shi. Abin da nake so mu duba shi ne tsarinsa. A wuraren da jama'a ke taruwa ana kafa shinge tsakanin mutane da wuta, ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kayan tartsatsi, kuma a daren bikin doka ta hana harba su bayan sha biyun dare. Har gargaɗi ake yi a bincika tarin itace kafin a cinna masa wuta, kada bushiya ta fake a ciki.

Tamu wutar ta hunturu ta fi tasu ma'ana a wurina, domin bukata ce take hura ta, kuma a gefenta mai gadi da mai shayi da almajiri suke samun ɗumi da abokin hira. Sai dai muna hura ta da kara da tsohuwar taya a gindin rumfa, a lokacin da iska ta busar da komai, sannan a watse a bar garwashi, ko a shiga da shi ɗaki a kasko a rufe ƙofa. Hana jin ɗumi zalunci ne ga wanda ba shi da bargo. Abin da ya kamata shugabannin kasuwa da masu unguwanni su yi shi ne su ware wurin hura wuta nesa da rumfuna, su ajiye ruwa da yashi, su kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin kashe ta kafin a tashi.