Ba kowane ruɗewa ba ne tsufa: a duba maganin farfaɗiyar Baba

Jama'ar zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, akwai maganar da muke saurin faɗa: "Ai tsufa ne." Dattijo ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, daga baya farfaɗiya ta biyo, aka sa shi a kan magani. Bayan 'yan makonni ya fara tangaɗi in zai je alwala, yana manta raka'ar da yake, yana wuni yana gyangyaɗi. Sai a ce ƙwaƙwalwa ta tafi. In tsohuwa ce, wani ma ya ce an yi mata jifa. Ni kuwa na ce a fara duba maganin tukuna.

Dalili shi ne hanta da ƙodar mai shekara 70 ba sa fitar da magani da saurin na matashi, sai ya taru a jini. Cikin magungunan farfaɗiya, fenobabiton, wanda ya fi araha kuma ya fi yawa a hannun mutanenmu, yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin rabinsa ya fita daga jiki. Shi ya sa nauyinsa ba ya bayyana ranar farko, sai bayan mako biyu ko uku: barci, mantuwa, mutuwar jiki, baƙin ciki ba dalili. Fenitoyin kuma ƙari kaɗan kan sa ya yi tsalle a jini, ka ga mutum na tafiya ƙafafu a ware, harshe ya yi nauyi, ƙwayar ido na rawa, dasashi ya kumbura.

Wanda ya fi damuna shi ne Tegretol. Yana rage gishirin sodiyom na jini, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145. Dattawanmu da yawa kuma suna shan bendro na hawan jini, shi ma yana rage shi. In suka haɗu, sai ruɗewa, jiri, ganin abu bibbiyu, har farfaɗiyar da ake gudu ta dawo. Gwajin jini ɗaya ya isa ya nuna wannan. Bugu da ƙari, waɗannan ukun, wato fenobabiton, fenitoyin da Tegretol, suna rage ƙarfin amlodifin da nifedifin na hawan jini, jini ya hau, suna kuma cinye bitamin D, ƙashi ya yi rauni. Tsohon da ke jiri, ƙashinsa ba ƙwari, ga santsin banɗaki da asuba: karayar ƙugu ke nan, kuma da yawa ba sa sake miƙewa bayanta.

Epilim, wani maganin farfaɗiyar, kan kawo rawar hannu da tafiyar hawainiya, wanda yakan warware in likita ya canja shi. Keppra, shi ma na farfaɗiya, bai cika faɗa da sauran magunguna ba, amma yakan mai da mai haƙuri mafaɗaci, kuma dole a rage shi in ƙoda ta yi rauni.

Don Allah kada wanda ya karanta wannan ya je ya ɓoye wa Baba maganinsa. Tsayar da shi farat ɗaya na jawo farfaɗiya mai jere da juna, kuma duk wadda ta wuce minti biyar, asibiti za a nufa nan take. Haɗa na safe da na dare a sha lokaci guda saboda azumi ma kuskure ne. A tambayi likita kafin watan ya kama.

Abin yi shi ne a tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na barci da aka saya a kantin magani, a kai asibitin Komfo Anokye ko inda aka rubuta masa. Wanda ke kwana da shi ne zai raka shi, domin shi ya san ranar da aka fara maganin, da ranar da tangaɗin ya fara, da ko sau nawa ya faɗi. A roƙi gwajin sodiyom da na ƙoda, a kuma tambayi likita kai tsaye ko za a iya rage adadin ko a canja zuwa wanda ya fi sauƙi ga tsofaffi, irin su lamotirijin, wanda ake farawa kaɗan kaɗan saboda ƙurajen fata.