Wa ke auna ruwan da muke sha a jihar Maradi?

Duk wanda ya san Tibirin Gobir ya san abin da ruwan famfo ya yi wa yaran garin. Tun cikin shekarun 1980, kamfanin ruwa na ƙasa na wancan zamani, SNE, ya riƙa ba jama'a ruwa daga wata rijiya mai zurfi wadda sinadarin fuloraid ya yi mata yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda, na Tibiri kuwa ya ninka haka fiye da sau uku. Ruwan garai-garai yake, babu wari balle ɗanɗanon da zai sa uwa ta yi shakka. Wajen shekara 15 ana sha. Dubban yara haƙoransu suka rine, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe, kuma da yawansu yau magidanta ne da matan aure masu ɗauke da wannan nakasa. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na FIDH da ANDDH suka fitar da rahoto a kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne auna fuloraid ba wani aiki mai wuya ba ne. Ruwan yana hannun kamfani, yaran suna gaban ma'aikatan asibiti, iko yana Yamai, aka daɗe ba a haɗa waɗannan uku wuri guda ba.

Yau hannayen da ke cikin harkar sun ma ƙaru. A 2001 aka raba SNE gida biyu: SPEN ke gina kayan aiki tana mallakarsu, SEEN ke tace ruwa tana sayarwa a birane, kafin sabon kamfanin gwamnati, NDE, ya gaje ta a 2024. A karkara kuwa ƙananan hukumomi ne ke da shato, wato manyan tankunan ruwa na sama, da famfuna, su kan danƙa su ga ɗan kasuwa ya tafiyar. Dokar ruwa ta 2010 tana nan, ga kuma matakin 2016 da ya miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na ikon ruwa, lafiya, ilimi da muhalli. Ƙara da ofishin ma'aikatar ruwa na jiha da ƴan duba-gari na ma'aikatar lafiya. A takarda kowa da aikinsa. Amma mai ɗibar ruwa a wani ƙauyen Dakoro ko Gidan Rumji, in ya tambayi yaushe aka auna ruwan famfonsu, wa zai ba shi amsa?

Ban yarda da masu cewa a sakar wa ƙananan hukumomi komai ba. Ƙa'idar ruwa mai kyau dole ta zama ɗaya a ƙasa baki ɗaya, kuma Yamai ce za ta kafa ta, domin huhu da hanjin ɗan Tasawa ba su bambanta da na ɗan babban birni ba. Ƙaramar hukumar da ke fama da biyan albashi ba za ta iya ɗaukar masanin sinadarai ba. Sai dai ido ba ya gani daga nisan kilomita sama da 600. Wanda zai lura da ruwan da ya canza launi, ko yaran unguwa guda da gudawa ta kama a mako ɗaya, mutumin wurin ne.

Don haka nake ganin ya kamata a ɗaure aikin da lokaci. Kowane shato da kowace rijiyar burtsatse a auna ruwanta kafin damina da kuma tsakiyarta, lokacin da ambaliya ke tura ƙazantar salga cikin rijiyoyi. Sakamakon kada ya kwana a aljihun tebur: a aika wa ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar gari a rana guda, a liƙa shi a bakin famfo, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin Maradi da malaman kimiyya da ɗalibai, a ƙarfafa mata ɗakin gwaji ta shiga aikin. Ruwan leda da jarkokin ƴan garuwa su ma a sa su cikin lissafi, tunda a unguwanni da dama su ne ruwan sha na yau da kullum.

Kwalara ta nuna mana tsadar jinkiri. A 2018 Madarunfa ce cibiyar annobar, a 2021 ta sake dawowa jihar da ƙarfi. Cutar da ke kashe mutum cikin yini guda ba ta jiran wasiƙa ta je Yamai ta dawo. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, shugabannin riƙo da gwamnati ta naɗa ne ke tafiyar da su, ke nan daga minista zuwa gwamna zuwa gari layi ɗaya ne. A yi amfani da wannan dama a ba gwamna da hukumar gari ikon rufe famfo nan take da zarar gwaji ya nuna haɗari.

Rufewa kaɗai kuma ba ta isa ba. Matan da aka hana famfo gulbi ko tabki za su nufa, wanda ya fi muni. Nan ne nauyin gwamnatin ƙasa ya fi girma: ta ware kuɗin gaggawa a matakin jiha, na motocin dakon ruwa, da maganin kulorin, da haƙa wata rijiyar, yadda ranar da aka rufe famfo a ranar wani ruwan zai iso garin.