Tukunyar Oksijin Ɗaya, Majinyata Biyu

Ƙannena masu karatun likita da aikin jinya, akwai daren da zai riske ku a ɗakin gaggawa: tukunyar oksijin ɗaya, masu haki biyu. Ɗaya ɗan kasuwa ne da danginsa suka cika baranda, ɗayan gurgu ne da mai adaidaita ya sauke a bakin ƙofa. Kafin ku ɗauko abin awo, zuciya ta riga ta zaɓa. Wannan zaɓin nake so ku tuhuma.

Kada ku ce talaucinmu ne ya jawo. A 2020, lokacin korona, aka gano jihar Alabama ta Amurka tana da rubutaccen tsari da ke mayar da masu tsananin naƙasar ƙwaƙwalwa baya idan na'urar taimakon numfashi ta yi ƙaranci. Sai da ƙungiyoyin naƙasassu suka kai ƙorafi aka janye shi. A Ingila kuma, ma'aunin raunin jiki da aka yi don tsofaffi aka so a ɗora wa kowa. Ka ga wanda aka haifa da shanyewar jiki, ana yi masa wanka ana sa masa kaya, sai ma'aunin ya nuna shi kamar mai jiran kabari, alhali garau yake. Da aka yi ca, cikin kwanaki aka gyara.

Likita yana da hurumin tambaya: wa maganin nan zai fi ceta daga wannan ciwon? Amma ran wa ya fi daraja, wannan ba tambayarku ba ce. Makanta ba ta hana huhu karɓar iska. Mu da muke karanta Suratu Abasa, wadda ta sauka kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, bai kamata a ce sai dokar hana wariya ga naƙasassu da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ce za ta tuna mana ba.

Kuma ku yi hattara da "ai gara ya huta". Na sha jin ta a bakin masu tausayi, waɗanda ba su taɓa tambayar mai jikin ko ya gaji ba.

In daren ya zo, ku auna su biyun da awo ɗaya, ku kira na gaba da ku, ku rubuta dalilinku a fayil. In kurma ne, a nemo mai yi masa maganar hannu kafin a yanke komai.