"Baba, kwamfuta ba shadda ba ce"

Tun ranar Talata raina yake a ɓace. Shekara 21 ina sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari, ban taɓa tsayawa yaro sa'an ɗana na uku ya ci min mutunci a gaban jama'a ba sai a kan kwamfutata, kuma da kuɗina.

Laftof ce HP EliteBook, ta hannu, na saye ta a 2019. Duk abin da shagona ya dogara da shi yana cikinta: lissafin kaya, rasit, da fayil ɗin Excel na bashi. Sunan kowane mai ɗaukar kaya daga Maraɗi, Damagaram, Gusau da Maiduguri yana nan, da abin da ya ɗauka da abin da ya rage a kansa. Da na ji Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025, hankalina ya tashi, don da ita nake shiga asusun banki. Aka nuna min wani shago a Beirut Road, aka ce su ne gwanayen saka Windows 11.

Ranar Asabar na kai. Na sayi sabon filashi na miƙa wa yaron hannu da hannu, na ce, "Ɗana, kafin ka taɓa komai ka kwashe min takarduna a nan. Dukiyar mutane ce a ciki." Sau uku na maimaita, sau uku yana cewa, "Ba matsala, Alhaji." Na biya dubu goma sha biyar na tafi.

Litinin da yamma na karɓo, na kunna a shago. Alamar wayfai babu. Sauti babu. Na jona firinta, shiru kamar ban jona ba. A kusurwar ƙasa ga wani rubutu ya kafe yana cewa Windows ɗin ba ta da lasisi. Duk wannan na shanye. Sai na nemi fayil ɗin bashi. Wayam! Lissafin shekara shida, ko layi ɗaya bai rage ba.

Daren nan ban runtsa ba. Washegari da hantsi ina ƙofar shagonsu.

Na yi sallama. Yana kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, abin jin waƙa a kunne, yana latsa waya. Sai a sallama ta biyu ya amsa, ko kai bai ɗago ba.

Na ce, "Ɗana, ina takarduna?"

Ya ce, "Waɗanne takardu?"

Na ce, "Waɗanda na ce ka kwashe min. Sau uku na faɗa maka."

Ya cire abin kunne ɗaya, ya bar ɗayan. "Ai fomatin na yi. Fomatin kuwa komai yake cinyewa, kowa ya san wannan."

"To filashin da na ba ka fa?"

Ya laluba aljihu ya ciro shi, ya cillo kan tebur har ya gangara ya faɗi ƙasa. "Da shi na ɗora Windows ɗin. Nawa yana wajen wani."

Ni na sunkuya na ɗauka, da furfurata. Filashin da na saya don ya tsare min dukiya, shi ya mayar kayan aikinsa, ko fayil ɗaya bai kwafa a ciki ba. Na haɗiye fushi na ce, "To wayfai da sauti da firinta fa? Babu wanda yake aiki."

"Wannan direba ne. Direba kuɗinsa daban. Windows ka ce a saka, an saka. Kawo dubu biyar."

Na ce ya kira min maigidansa. Ya ce maigida ya yi tafiya, yau shi ne maigidan. Na ce, "Ka san abin da ka jawo min kuwa? Kuɗin mutane ne da nawa, miliyoyi." Sai a nan ya ɗago ya kalle ni sama da ƙasa, ya ɗaga murya yadda na shagon kusa za su ji, ya ce, "Baba, kwamfuta ba shadda ba ce. In ba ka iya ba ka koma littafi da biro."

Aka kwashe da dariya. Samari huɗu na ƙirga. Ga mari ga tsinka jaka.

E, ba shadda ba ce. Amma a Kwari in na yanka wa mutum yadi ya gaza da taƙi ɗaya, ni zan biya. Tela in ya ɓata ɗinkin Sallah, da kansa yake zuwa gida ya ba da haƙuri. Kai da aka damƙa wa amanar shago guda, kalmar "yi haƙuri" ta fi ƙarfin bakinka? Wa ya koya maka sana'a bai koya maka amana ba?

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero ne ya zo da daddare ya warware min ɓarnar. Ya ce direbobin nan ƙananan manhajoji ne da ke haɗa Windows da sassan na'ura, kuma kyauta suke a shafin kamfanin da ya ƙera ta, lambar samfurin kawai za ka rubuta. Abin da aka nemi in biya wa dubu biyar ke nan. Da yake babu direban wayfai balle a shiga intanet, sai ya jona wayarsa da igiyar caji ya ara wa kwamfutar data. Ya sauko da na wayfai, na sauti, na allo, na firinta, ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya faɗa min wadda ta fi ciwo. Windows 11 tana buƙatar furosesar Intel, wato ƙwaƙwalwar na'urar, zubi na 8 zuwa sama, da abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Tawa zubi na 6 ce. Yaron shagon ya sani, ya bi ta bayan gida ya tsallake binciken ya cusa mata, alhali babu tabbacin irin wannan na'ura za ta ci gaba da samun gyaran tsaro. Wato abin da ya kai ni ma ban samo ba. Da ya ce min, "Alhaji, taka ba za ta ɗauka ba," da na gode masa na san inda dare ya yi min. Fayilolin kuwa, ɗan ƙanwata ya ce faifan SSD ne kuma an rubuta sabuwar Windows a kansa, dawo da su sai wani ikon Allah.

Muna tsakiyar sauko da direban allo aka ɗauke wuta. Batirin ya tsufa, ta mutu. Na tayar da janareta da fetur ɗin da tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 muke sayensa kamar turare. Muka sake daga farko, da datar da gwamnati ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Shi ya sa in na tsaya kan yaron nan kaɗai, na bar jaki ina dukan taiki. Kullum ana mana wa'azin mu koma zamani, mu bar kuɗin hannu, mu yi komai ta intanet. Da wace wutar? Da wace datar? Da darajar naira ba ta zube ba, me zai sa ɗan kasuwa kamata ya riƙe tsohuwar na'urar da Turawa suka gama yayinta? Duk wanda ya mallaki sukurdireba da filashi ya zama injiniya, babu mai tambayarsa inda ya koya, babu rasit, babu sharaɗi a rubuce. Masu karɓar haraji sun san ƙofar kowane shago a Kano, ba sa ɓatan hanya. Amma ranar da aka cuce ka, nemi ofishi ɗaya da zai tsaya maka ba tare da ka kashe ninkin abin da ka rasa ba. Mu ma jama'a da namu laifin: dattijo yana sunkuye yana tsintar kayansa a ƙasa, mutum huɗu suna dariya, babu wanda ya ce, "Kai, bari."

Yau kwana uku ina zaune da waya da tsofaffin rasit na takarda, ina kiran masu bashi ɗaya bayan ɗaya ina tambayarsu nawa nake bin su. Wasu sun ji tsoron Allah sun faɗa. Ɗazu na kira wani a Maraɗi da na tabbata akwai sauran bandir goma sha biyu a kansa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, ai na biya tun kafin Sallah, duba kwamfutarka."